Jan Jinsen da Farin Luobo

A ƙauyenmu da ke gefen Fusong, in aka ce wane ya iya turara jinsen, saiwar maganin nan mai tsada, to Teng Fuhai ake nufi, shi ma kuma ya san da haka, abin da ya ɓata shi ke nan. Saiwar da ta shekara shida a ƙasa, fara sol, za ta shiga tukunyarsa ta fito jawur kamar tsohuwar zuma, ba tsagewa ba ƙuna. Dillalan kasuwar Wanliang har ƙofar gida suke zuwa suna yi masa fadanci, shi kuwa ko kujera ba ya tura musu. A wurinsa ciwo iri biyu ne a duniya: wanda jan jinsen ya warkar, da wanda mai shi bai sha isasshe ba.

Bayan an gama tonon jinsen na bana ne matarsa Yufen ta kwanta. Ba faɗuwa ta yi ba, ba zazzaɓi, ba tari. Wata safiya dai ta tashi ta hura wuta, ta ɗora kunun masara, ta koma kan gadon ƙasa ta juya fuskarta bango, kunun ya ƙone ƙurmus. Matar da in tana wanke saiwa tare da 'yan aiki ake jiyo dariyarta tun daga bakin titi, ita ce yau ake tambaya sau uku kafin ta amsa sau ɗaya.

"Uwar Dongzi, ina ke miki ciwo?" in ji Fuhai.

"Ba ko'ina."

"Dongzi ne bai kira ba? Bari in kira ɗan banzan in wanke shi tas."

"Ya kira shekaranjiya."

"To wani ya faɗa miki magana ne? Ni ne?"

"Ba wanda ya yi mini komai, tsoho."

"To tashi mana."

"Zan tashi."

Ba ta tashi ba. Abinci sai an tsaya a kanta. Wani lokaci kuma, tana kwance lafiya lau, sai ta zabura ta dafe ƙirji tana haki, ta ce ji take kamar wani mugun labari na tafe a hanya, ita kuma ba ta san na wane ne ba. Fuhai ya tsorata, ba kaɗan ba. Mutum ne mai baƙin rai da taurin kai, amma kowa ya san tun ranar da aka kawo masa Yufen bai taɓa cin abinci ya ƙoshi ba in ba ta zaune a gefe.

Mu nan irin wannan ciwo ba mu kiran sunansa. Sai mu ce ƙarfin mutum ya ragu, ko jininsa ya yi sanyi, ko gajiyar kaka ce. In aka kuskura aka ce ciwon zuciya da tunani ne, gobe a kasuwa ya zama hauka, jibi kuma an fara tambaya ko a dangi yake. Ga Dongzi, ɗansu tilo, yana can kudu yana aiki, bai yi aure ba tukuna.

Maƙwabciyarsu Yaya Pang, bazawarar da ke kiwon aladu, ita ta matsa masa ta kan shinge.

"Fuhai, ka kai yarinyar nan wurin Likita Luan. Kana zaune kana kallonta kamar kaza ta ga ruwan sama."

"Yarinya? Ta ba hamsin baya."

"A wurina yarinya ce. Kai ne dai tsohon banza. Ka kai ta."

Ya kai ta. Likita Luan mai maganin gargajiya ne a cikin gari, bai fi sa'an ƙanen Fuhai ba, shagonsa cike da ƙananan durowoyi har rufi. Ya ɗora yatsu uku a wuyan hannun Yufen ya ji bugun jijiyarta, ya koma ɗaya hannun, ya ce ta fito da harshe. Ya tambaye ta barci, ya tambaye ta ko bakinta na ɗaci da safe. Sannan ya tambaye ta a hankali ko takan ji rayuwa ta ishe ta. Yufen ta dubi mijinta, ta sunkuyar da kai.

"Wace irin tambaya ce wannan?" in ji Fuhai. "Ƙarfi ne ya ƙare mata. Ni na sani."

"Yaya Teng, ƙarfinta bai ƙare ba. Jijiyarta a ɗaure take tamau, bakin harshenta ja. Ƙarfin yana nan, cushewa ya yi a ƙirji ya rasa hanya, har ya fara zama wuta. Akwai masu baƙin cikin da jan jinsen ke ɗagawa, waɗanda jikinsu ya yi sanyi ya zama fanko, ina ba su da hannuna. Ita ba ta cikinsu. Kada ka ba ta. Na san ko kai wane ne, shi ya sa zan maimaita: kada ka ba ta."

Ya auna mata wasu saiwoyi da ɓawo masu ɗaci ya ƙunshe. Da suka zo fita ya ja Fuhai gefe ya ce maganinsa zai taimaka amma ba zai isa shi kaɗai ba, a kai ta babban asibiti a Changchun, wurin likitocin da ke duba ciwon tunani, kuma kada a bar ta ita kaɗai a gida.

Fuhai ya ja matarsa suka hau mota. Nan ya fara. Wai shi za a koya wa jinsen? Shi da kakansa ya mutu a dawa yana neman saiwar nan? Yaron da ya koyi magani a littafi, wanda bai taɓa kwana a rumfar gona ba? Changchun kuma, don a rubuta sunan matarsa a takardar mahaukata? Yufen ta jingina kai da gilashi.

Da suka iso gida ya jefa ƙunshin likita a saman kabad. Ya buɗe akwatin katako ya ɗauko saiwar da ya fi ji da ita, wadda ya ajiye don kai wa surukai ranar da Dongzi ya samo mata. Ya ɗan gasa ta ta yi laushi, ya yanka da wuƙarsa siriri-siriri har kana hango haske ta ciki. Ya zuba a kaskon ƙasa mai murfi, don jinsen ba ya shiri da tukunyar ƙarfe, ya turara a kan ruwa har ƙamshin ya cika gida. Ya kwashe ganyen shayi ya ɓoye, don shi ma yana rage wa jinsen ƙarfi. Ya kuma kafa doka: ba luobo, kayan miyar nan mai kama da ƙaton farin karas mai ɗan yaji, a tukunyar gidan nan sai ta warke. Wannan ba sai an yi wa kowa bayani ba. Ko yaron goye a garinmu ya san farin luobo kashe jinsen yake yi, ka sha saiwa ka bi ta da luobo, ka zubar da kuɗinka a kwata.

Ya kawo mata kwanon da hannu biyu.

"Sha, uwar Dongzi. Ko gwamna bai sha irin wannan ba."

Ta dube shi, ta dubi kwanon, ta shanye tas.

Cikin 'yan kwanaki Yufen ta miƙe. Ta wanke tagogi, ta cire labule ta wanke, ta share rumfar shanya da ba wanda ya sa ta. Fuhai har da zuwa shagon mai taba don kawai ya ba da labari, yana cewa a gaya wa Luan ya zo ya ɗauki darasi kyauta. Abin da bai faɗa a shagon ba shi ne ba ta barci, hannunta na rawa in ta riƙe tsinken cin abinci, kuma sau biyu yana ganin jini a tsummar da take goge hanci. Ya ce a ransa mugun jini ne ke fita. Ya kuma lura takan tsaya a bakin ƙofar gida, tsintsiya a hannu, ta ƙura wa hanyar gangare ido, ta daɗe. Ya ɗauka Dongzi take tunani.

Sai kuma abin ya juya. Ta koma gado, ta koma kallon bango. Fuhai ya ƙara yawan saiwa. Tana karɓa, tana shanyewa har digon ƙarshe, ta ce, "Sannu, tsoho," ta miƙa masa kwano, amma jiki shiru kamar ruwan zafi ya ba ta. Abin ya ɗaure masa kai. Ya zargi kaskon ya sake wani. Ya zargi ruwan famfo ya koma ɗebo na rijiya. Saiwar kam bai taɓa zarginta ba, shi da ya turara ta da hannunsa.

Wata ranar kasuwa ya dawo da wuri, rana ba ta ko karkata ba. Ɗaki ba kowa. Ya zaga bayan gida sai ya ga murfin ramin ajiya a buɗe, ramin da suke tara kabeji da dankali da luobo don sanyi. Ya leƙa. Tana zaune a gindin tsani a cikin duhu-duhu, riƙe da luobo ɗanye, ko ƙasar jikinsa ba ta wanke ba, tana gatsa tana haɗiyewa da ƙyar, yajin na sa ta hawaye. A gefenta ga guntayen gindin luobo tsibi guda, wasu sun bushe, wasu har sun yi baƙi. Ba yau ta fara ba.

Ran Fuhai ya yi mugun ɓaci.

"Yufen! Ashe ke ce? Ina ta zargin kasko, ina ta zargin ruwa, ashe ke ce? Shekara shida saiwar nan tana ƙasa! Ta surukan ɗanki ce na yanka miki! In ba kya so ki ce ba kya so mana, sai ki sha ki zo nan ki kashe ta kamar ɓera?"

Ta ɗago kai. Ba ta ɓoye luobon ba, ba ta kuma ba da haƙuri ba.

"Ka bar mini su, tsoho."

"In bar miki? Don ki mutu a kwance?"

"Ka bar mini su kawai."

Bai bari ba. Ya sauka da kwando, ya yi ta jida yana juyewa a garken Yaya Pang, har ya zama ko ɗaya bai rage a ramin ba. Aladu suka yi ta murna. Yaya Pang ta fito tana tafa hannu.

"Kai, Fuhai, ƙwaƙwalwarka ce ta turaru? Da me za ku yi miya in ƙanƙara ta rufe hanya?"

"Mu ci iska. Kuma ki ji da kyau, ke da duk matan layin nan, duk wadda ta ba matata luobo, ni da ita ne."

Ya bi gida-gida ya faɗa. Matan suka yi ta dariya a bayansa, amma suka kiyaye, don su ma a ganinsu gaskiya gare shi: wace mara lafiya ce ke kashe maganinta? Daga ranar ya ninka saiwar, safe da rana, kuma ba ya barin wurin sai ya ga maƙogwaronta ya motsa.

Maganin ya kama. Ta sake miƙewa, wannan karon ba ta wanke tagogi ba. Ranar da abin zai faru ta tashi da wuri ta taje kanta, ta kwaɓa fulawa ta naɗe masa 'yan ƙullin nama da kabeji mai tsami, abincin da ya fi so, ta yi da yawa har ta jera saura a faranti ta rufe. Ta fito da rigunansa na sanyi ta ɗinke maɓallan da suka cire. Ta nuna masa inda take ajiye safar ulu, da inda maganin hawan jininsa yake.

"Ni ina ruwana da inda suke?" in ji shi, baki cike. "Ba ga ki ba?"

"Ka dai sani."

Fuhai ya ci ya yi nak, ya tafi rumfar shanya yana 'yar waƙa, abin da rabonsa da yi tun kafin kaka. Yana juya saiwoyi a kan tire sai ya ji Yaya Pang na ƙwala masa kira ta kan shinge.

"Fuhai! Ina ka aiki Yufen?"

"Ban aike ta ba. Ta fita ne?"

"Ta bi gangare. Tafiya take kamar budurwa, na rantse ban gane ta ba ta baya."

"Kin gani ko?" Ya washe baki. "Ki je ki gaya wa Luan."

"Tsaya tukuna. Ba kwando a hannunta, ba jaka. Kuma ta tsaya ta ce mini in riƙa leƙa ka, wai ba ka iya hura wutar gado ba. Me ya kawo wannan magana da rana tsaka?"

Tiren ya suɓuce daga hannunsa, saiwoyi suka watse a ƙasa, bai ko dube su ba. Hanyar gangare ba ta zuwa kasuwa, ba ta zuwa gidan kowa. Kogi take zuwa. Ya fita da gudu da takalmin gida, tsoho mai ciwon gwiwa, yana faɗuwa yana tashi a cikin karan masarar da aka girbe.

Ya same ta a kan faffaɗan dutsen da mata ke wanki da rani. Ta cire takalmanta ta jera su gefe da gefe. Tana zaune a bakin dutsen, ƙafafunta a cikin ruwa, ruwan da a wannan wata ko agwagwa ba ta son shiga. Ya cafke ta ta baya ya ja ta, suka zube tare a kan tsakuwa. Ya riƙe ta gam yana haki. Ita ba ta yi kokawa ba.

"Ka zo da wuri," ta ce.

"Me na yi miki? Yufen, me na yi miki?"

"Ba ka yi mini komai ba. Tun kafin mu je wurin likita nake son zuwa nan. Kullum. Ina kwance ina kallon bango, nan nake gani. Ƙafafu ne ba su kawo ni, daga gado zuwa ƙofa ma aiki ne. Sai ka ba ni ƙafafu."

Fuhai ya sassauta riƙon, ya leƙa fuskarta.

"Saiwarka tana aiki, tsoho, kada ka ce ba ta yi. Jiki take tayarwa. Abin da ke nan," ta taɓa ƙirjinta, "ba ta taɓa shi ba, sai ma ƙara masa wuta. In na sha sai in ji zan iya. Sai in ji tsoro, in sauka rami in ci luobo har ƙarfin ya mutu, in koma in kwanta. In ina kwance ba inda za ni."

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Na ce ka bar mini su."

"To ki ƙi sha mana! Ki ture kwanon!"

"Ka taɓa ganin fuskarka in ka kawo kwanon nan? Wa zai iya ture shi?"

Nan Teng Fuhai ya fashe da kuka, irin kukan da bai yi ba ko ranar da aka binne uwarsa. Ya tuna kwandon da ya yi ta jida, da aladun da suka yi ta ci, da yadda ya bi gida-gida yana gargaɗi. Abu ɗaya ne matarsa ta samu ta riƙe, shi kuma ya ƙwace shi da hannunsa, yana ganin ceto yake yi.

Ya goya ta suka hau gangaren, takalmanta a hannunsa. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Yaya Pang ta tarye su a hanya, ta ga ƙafafun a jiƙe, ba ta tambayi komai ba, ta shiga gaba ta hura wutar gado ta naɗe Yufen da bargo. Fuhai ya kira mai motar haya na ƙauye ya ce Changchun za su, babban asibiti. Mutumin ya ce yana can wani gari da kaya, sai gobe da safe. Fuhai ya sauko da ƙunshin Likita Luan daga saman kabad, ya kaɗe ƙurar, ya ɗora a wuta. Sannan ya tsaya a gaban Yaya Pang yana murza hula.

"Yaya, ko kina da luobo?"

Ta buɗe baki za ta yi masa irin tata, ta dubi idonsa, ta fasa. Ta je gidanta ta kawo guda, babba, fari tas.

Ya wanke shi da kansa. Ya ɗauko wuƙar da bai taɓa bari ta taɓa wani abu ba sai jinsen, ya yanka shi siriri-siriri, ya jera a faranti, ya kai mata da hannu biyu.

"Ci, uwar Dongzi. Ci ko kaɗan. Gobe in kin so in cika miki ramin da shi."

Yufen ta dubi farantin ta daɗe. Ta ɗauki yanki ɗaya don kada ya ji kunya, ta riƙe a hannu, ba ta kai baki ba.

"Ba zai yi ba yanzu, tsoho," ta ce a hankali. "Da can ina ganin wurin da nisa. Yau na je na gani. Ko a kwance nake zan iya kaiwa."

Ta juya fuskarta bango.

Fuhai ya ajiye farantin a gefen gado. Ya jawo 'yar kujera ya kafa a bakin ƙofar ɗaki ya zauna, ya miƙe ƙafa ya tare hanya. Rana ba ta faɗi ba tukuna, mota kuma sai gobe. Ta ƙofar gida da Yaya Pang ta bari a buɗe ya hango hanyar gangare, a ƙarshenta, tsakanin itatuwan da suka zubar da ganye, ga ruwa yana ƙyalli. A gidan nan aka haife shi, amma bai taɓa lura ana hango kogin daga bakin ƙofarsa ba sai yau.